Askar da na ɓoye wa Baba Babba

Gobe Baba Babba zai cika kwana arba'in a ƙasa. Yayan mahaifina ne, shi ya raine ni tun ina shekara shida, kuma tun ranar da muka rufe shi ban iya zama wuri ɗaya ba. A kwanakin makoki ma haka na yi ta yi. Da an shafa addu'a sai in miƙe, in leƙa masu dafa shayi, in fita bakin titi kamar ina jiran wata mota, in dawo in jera takalman mutane da ba wanda ya sa ni. Gwaggo, yayar su Baba Babba, wadda ita ce babbarsu duka, ta aiko daga cikin gida a gaya mini in zauna, ina sa mutane jiri. Na zauna. Ba a jima ba na sake tashi.

Jama'a kuwa ta zo. Direbobi sun jera manyan motocinsu tun daga wajen duwan, ofishin kwastan na Gaya, har bakin layinmu, sai da masu kabu-kabu suka riƙa zagayawa ta baya suna ƙunƙuni. Wani tsohon masunci ya taso daga Tunuga da busasshen kifi cikin kwando, ya durƙusa gaban Baba Ƙarami, autansu Baba Babba, ya ce, "Fonda tilas," gaisuwar ta'aziyya da yarensu, sannan ya juya Hausa ya ce shi bai san wa zai ƙara yi masa faɗa a garin nan ba. Wani dattijo ya tako gada da ƙafa daga Malanbil, ya zauna tun hantsi har azahar, da zai tafi ya shafa kansa da tafin hannu, ya fashe da kuka. Duk wanda ya gan shi ya gane abin da yake nufi.

Kowa da irin tambayarsa, amma amsar gidanmu ɗaya ce: masassara ce ta 'yan kwanaki. Masu gaisuwa su girgiza kai su ce damina ta bana da sauro ta zo, Allah ya sa ya huta. Ni kuma ina tsaye a gefe, na san ba haka zancen yake ba.

A rana ta uku Baba Ƙarami ya yi gyaran murya bayan addu'a, ya ce, "Ku ji ni, jama'a. Askin Juma'a ba zai mutu da Yaya ba. Askarshi ta ɓace tun watannin baya, to a sake nema. In an gan ta, alhamdu lillahi. In ba a gan ta ba, in sayi wata. Juma'ar ga mai zuwa ni zan zauna bisa kujerarshi."

Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa na san askar tana cikin jakata, naɗe da tsohuwar hula, wata huɗu ke nan. Ni na ɗauke ta. Dalilin da ya sa na ɗauke ta shi ne abin da ban gaya wa mai ita ba har ya mutu, kuma a ranar saura kwana huɗu a sake jera kawunan gidanmu a ƙarƙashin ƙarfe ɗaya.

Wanda bai san Baba Babba ba zai ɗauka wanzami ne. Ba wanzami ba ne, direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Ya yi rayuwarsa tsakanin Gaya da Paraku da Kwatano, ya sauka da albasa, ya hauro da shinkafa da ƙarfen gini, har idonsa ya fara gaza ganin hanya ya miƙa makulli. Miƙa makullin bai zaunar da shi ba. Kullum da safe yana tasha, hannuwa a baya, yana bin motocin mutane yana sauraron injinsu. Sai ka ji ya tsayar da direban da bai taɓa gani ba ya ce, "Kashe. Injin ga naka ƙarya yake maka, ba zai kai Doso ba." Wasu su ji haushi, su tafi, a jawo su da igiya kafin la'asar. Ba ya cewa ai na gaya maka. Yakan tsaya ne kawai kusa da motar yana cin muruci, yana kallon sama, wanda ya fi zagi ciwo.

Mutum ne mai saurin fushi da saurin tafiya. Ko masallaci za mu, sai mun haɗa da gudu-gudu kafin mu cim masa. Abinci a tsaye yake fara ci, sai Inna, matarsa, ta ce ba ta dafa wa doki ba, sannan ya zauna. Wuri ɗaya kaɗai na san shi da natsuwa: kujerar ƙarfe ta ƙofar gida, ranar Juma'a da hantsi, da aska a hannunsa.

Askar ta mahaifinsu ce. Ƙotarta ta sha ɗauri da fata har ta yi baƙi, bakinta ya siranta don wasawa. Yakan fara da kansa, ba madubi, da lalube, kuma kusan kullum sai ya ɗan yanke bayan kunnensa na dama. Ya dangwale jinin da yatsa, ya goga askar a tafin hannunsa, ya ce, "Na farko." Daga nan mazan gida su bi layi, babba da yaro. Ba mu kaɗai ba. Direban da takardunsa suka maƙale a duwan ya yi mako biyu a Gaya, Baba Babba zai jawo shi gida ya aske shi, a ba shi tuwo. Na tuna wani mutumin Tanda da ya fito daga kaso, kowa na janye jiki daga gare shi ko a sahun salla. Baba Babba ya zaunar da shi gaban kowa, ya aske shi kafin 'ya'yan cikinsa, yana ta yi masa hirar farashin rake kamar jiya suka rabu.

Amma ba gashin ne abin ba. In ka durƙusa gabansa, yakan ɗora tafin hannunsa na hagu a tsakiyar kanka, mai nauyi, mai kaushi, ya ɗan jijjiga shi, ya ce, "To, mi ke cikin kan ga?" Kuma sai ka faɗa. Ban san yadda yake yi ba. Kanka a sunkuye, ba ka ganin idonsa, aska na tafiya a hankali, sai ka ji bakinka ya buɗe. A nan na gaya masa na bar lakwal, na daina karatun boko, ba da saninsa ba. A nan na gaya masa ina son in tafi Yamai in buɗe shagon kayan mota. Ya ji, ya yi faɗan da zai yi, ya watsa mini ruwa a kai ya ce in tashi. Daga ranar ya raɗa mini Ɗan Yamai, tun ban ma tafi ba.

Hukuncinsa ma da askar yake yi. Wata shekara Baba Ƙarami ya wuce wata mota da ta lalace a dajin Kandi bai tsaya ba, wai yana sauri. Direban mutumin Karakara ne, kuma labari ya riga Baba Ƙarami isowa gida. Baba Babba bai ɗaga murya ba. Ranar Juma'a da layi ya zo kansa, sai ya ce, "Na gaba." Juma'a uku ana tsallake shi. Ga shi ba ya da ƙarfin halin zuwa wurin wani mai aski, don wannan sabon laifi ne. Haka ya yi ta yawo da suma kamar tunkiyar da ta ɓata a daji, duk tasha ta san ya yi wa yayansa laifi, har masu sayar da ƙosai na tambayarsa me ya yi. Sai da ya je Karakara ya nemo mutumin ya ba shi haƙuri, sannan aka zaunar da shi.

Ciwon ya fara ne da 'yan ƙulle-ƙulle a wuyansa da hammatarsa. Muka ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba, kuma ba ta ciwo, abin da ya sa bai kula ba ke nan. Sai rama ta biyo, da zufa mai jiƙa riga, da gajiya, mutumin da ba a cim masa a tafiya ya koma tsayawa a hanya yana riƙe ƙugu. Aka sha saiwoyi, aka yi rubutu. Da ƙyar na lallashe shi ya zo Yamai, Gwaggo ta rako shi.

An ɗebi jini, an yanki ɗan nama daga wuyan, muka yi ta zarya. Ranar da sakamako ya fito, likitar, wata mace mai magana a hankali, ta kira ni ni kaɗai, don ni ke jin Faransanci. Amma da Hausa ta yi mini bayani. Ta ce ƙulle-ƙullen nan kansa ce, irin wadda ke kama kaluluwa, suna ce mata limfom. Ta ce kuma sun ga ƙwayar cutar hanta, epatit B, a jininsa, da alama ta daɗe a jikinsa ba ta nuna kanta ba, kuma masu ɗauke da ita sun fi shiga haɗarin irin wannan kansar. Akwai magani, ruwa ne da ake sawa ta jijiya duk bayan mako uku, shimiyo. Sai dai ruwan ba ya bambance mugu da nagari, yana karya ƙwayoyin jinin da ke kare mutum. Saboda haka ko ƙaramin rauni na iya zama babba. Kada a tsaga masa fata, kada a yi ƙaho. In jikinsa ya yi zafi, ko da ɗan kaɗan ne, a kai shi asibiti a ranar, ba washegari ba. Ga kuma ƙwayar magani ta kullum, wadda za ta danne cutar hantar, don in ya bar sha za ta farka.

Sannan ta dubi takardar ta ce, "Wa ke mishi aski?"

Na yi dariya, na ce ai shi ke yi wa kowa. Na ba ta labarin Juma'a da alfahari, har da yankan bayan kunne. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye biro ta ce cutar hantar ta jini take bi, aska ɗaya a kai da yawa hanya ce buɗaɗɗiya. Ta ce a daina daga yau, kuma duk wanda ke gidan a auna jininsa, wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi, wanda ke da ita a san da shi tun hantarsa ba ta lalace ba.

Na fito na sami Gwaggo a inuwar wata bishiyar bedi a harabar asibitin, Baba Babba ya tafi alwala. Na kwashe duka na gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta kama hannuna ta matse.

"Ba za a hwaɗa mishi ba," in ji ta. "Ka san halinshi. In ya ji sunan ciwon ga, ya kwanta ke nan, ba ya tashi. Kuma ka je ka ce mishi hannunshi ne ke raba cuta ga ɗiyanshi? Kai yaro, kana da imani kuwa? Zancen awon jini ma ka bar shi nan. So kake a ce gidanmu gidan cuta ne, mutane su bar cin tuwonmu?"

Na ce, "Gwaggo, likita ta ce..."

"Likita ba ta san shi ba. Ni na goye shi."

Zan iya cewa Gwaggo ce ta hana ni, kuma na yi ta faɗa wa kaina haka. Gaskiyar ita ce daɗi na ji da ta hana. Tsoro nake ji. Ban san ta inda zan dubi mutumin nan in ce masa abin da ya fi so a duniya shi ne abin da zai bari ba. Da ya dawo muka ce masa ƙari ne, ruwan magani zai narkar da shi, ƙwayar kuma ta ƙarin ƙarfi ce. Ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya ce, "To, madalla."

Bayan ruwan farko na rako shi Gaya. Ranar Alhamis da la'asar, yana masallaci, na shiga ɗakinsa, na buɗe gwangwanin da ke kan taga, na ɗauke askar. A ganina dabara na yi: ba aska, ba aski, ba wanda ya ji ciwo.

Washegari da hantsi aka fito da kujera, aka kawo ruwa a kwano, maza suka fara taruwa. Baba Babba ya shiga ɗaki ya daɗe. Muka ji ana jan akwati, ana ɗaga katifa. Ya fito da gwangwanin a hannu, buɗe, ya tsaya bakin ƙofa yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Na shirya jin tsawa, don a kan abin da bai kai wannan ba ya sha tayar da gida. Bai yi ba. Ya ce, "Ku tahi wurin masu askin inji, masu tondos, kada ku makara salla." Baba Ƙarami ya ce bari ya sayo wata a kasuwa yanzun nan. Ya ce a'a, ba zai ɗora wa kawunan gidansa ƙarfen da bai san su ba.

Daga nan askin Juma'a ya tsaya. Amma kujerar ba ta daina fitowa ba. Duk Juma'a yakan zauna a kanta da hantsi, hannuwansa a kan gwiwa, ba abin da yake yi. Maganin ya zubar masa da gashi har gira, yana tsokanar kansa wai likitocin Yamai sun fi shi iya aski, ko yanka ba sa yi. Ƙulle-ƙullen suka baje, ya fara cin abinci a tsaye, muka ce sauƙi ya samu.

Juma'ar ƙarshe da na gan shi a kan ƙafafunsa, bayan ruwa na huɗu ne. Na fito da jakata zan bi motar Yamai, askar na ciki. Na durƙusa in yi masa sallama. Sai na ji tafin hannun nan a tsakiyar kaina, ya yi sauƙi, ba nauyin da na sani. Ya ɗan jijjiga ya ce, "To, Ɗan Yamai, mi ke cikin kan ga?"

Na ce, "Ba komai, Baba."

Bai ɗauke hannun ba. Ya bar shi nan har na ji wuyana ya gaji. Sannan ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Abin da na bar wa Inna shi ne rabin magana. Na ce in jikinsa ya yi zafi su kira ni. Ban ce su ruga asibiti ba, don in na faɗi haka sai ta tambaye ni dalili.

Damina ta zauna, kogi ya cika, sauro ya taso daga fadamun shinkafa. A Gaya a irin wannan lokaci wa ke kai masassara asibiti a ranar farko? Ran Litinin ya fara rawar sanyi. Inna ta ɗauko waya, ya hana ta, ya ce a kan masassarar damina za a tayar da mutum daga shagonsa? Aka sayo maganin sauro ya sha. Talata ya ce jikinsa ya yi nauyi, mataccen jini ne, a kira masa abokinsa wanzami, wanda ya saba yi masa ƙaho duk shekara. Wanzami ya zo ya tsattsaga masa baya ya ja jini, kamar yadda ya yi masa sau ba adadi. Laraba wuraren tsagar suka kumbura suka yi ja, jiki kamar garwashi. Da yamma ya fara kiran sunayen direbobin da suka daɗe da mutuwa, yana ce musu su duba taya. Alhamis da safe suka kai shi asibiti, sannan aka kira ni.

Na iso bayan la'asar. Idanunsa sun yi rawaya, numfashi sama-sama, hannuwansa sanyi ƙalau alhali goshinsa na ƙuna. Tun safe bai yi fitsari ba. An sa masa ruwa a hannu biyu, ana ta allura. Likitan, wani saurayi da gajiya ta cika wa ido, ya karanta takardun Yamai da na miƙa masa, ya ja ni waje. Ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jini sun bi ko'ina, ba abin da zai tare su a jikin, ƙoda ta fara tsayawa, hanta ma ta tashi. Ya tambaya ko yana shan ƙwayar kullum. Inna ta ce ya bari tun da ya ji ƙarfi, ya ce a ajiye wa ranar da ya gaji. Daga baya na ga fakitin a cikin gwangwanin aska, ko rabi bai sha ba.

Likitan ya dube ni ya ce, "Ba a gaya muku ba, zancen zafin jiki da ƙaho?"

Na ce, "An gaya mini."

Ya juya ya koma ciki. Baba Babba bai sake gane kowa ba. Na zauna kusa da shi kwana biyu ina riƙe da hannunsa, ina faɗa masa duk abin da ya kamata in faɗa tun a Yamai, a lokacin da ba ya ji. Ranar Asabar bayan azahar ya cika.

Wannan shi ne abin da nake ɗauke da shi ina zarya a wurin makoki. Wanzamin ma yana nan kullum, a ƙarshen tabarma, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa jinin da ya fitar baƙi ƙirin ne, ya ɗauka an rabu da ciwon. Ba na iya haɗa ido da shi. Shi bai yi laifin komai ba, aikin da aka kira shi ya yi.

Ranar Alhamis, jajibirin bakwai, na shiga wurin Inna a ɗakin takaba bayan mata sun ragu. Na tsaya ina juya hula. Ita ta fara.

"Askar tana wurinka har yanzu?"

Na zauna a ƙasa.

"Ina madafa na gan ka ka shiga, na gan ka ka fito," in ji ta. "Ranar nan na hwaɗa mishi. Na ce bari in karɓo. Ya ce in bar ka. Ya ce, yaron ga ko allurata bai taɓa ɗauka ba, in ya ɗauki aska akwai dalili, kuma da bakinshi zai hwaɗa mini. Ya hana ni tambayarka. Kujerar ga da kake gani yana hiddawa duk Juma'a, kai yake jira."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, Inna ba ta rarrashe ni ba. Da na natsu na gaya mata komai, tun daga sunan ciwon har zancen jini. Da na gama ta ce, "Da ka hwaɗa mishi, da kanshi zai jefa ta kogi, ya kora mu asibiti da sanda. Ba ku san shi ba, kai da Gwaggonka."

Juma'a da hantsi, bayan addu'ar bakwai, aka fito da kujera. Baba Ƙarami ya zauna, sabuwar aska a hannunsa, maza sun fara matsowa. Na fito da tsohuwar daga hula na ajiye ta a kan tabarma gabansa. Na buɗe baki na faɗa, a gaban 'yan gida da direbobi da maƙwabta. Na faɗi abin da ya kashe shi. Na ce an gaya mini abin da za a kiyaye, ni na ɓoye. Na dubi wanzamin na ce ya yafe mini, ni na bar shi ya yi aiki a makance. Na ce duk wanda askar nan ta taɓa kansa ya je a auna jininsa, har da ni, domin ni ma tsoro ya hana ni zuwa.

Wasu daga baya suka sulale. Daga zaure muryar Gwaggo ta fito, ashe tana ji. "Ka tona mu, ka huta?"

Baba Ƙarami ya ɗauki tsohuwar askar ya juya ta a hannunsa. Fuskarsa ta yi irin ta yayansa in zai yi tsawa, na sunkuyar da kai ina jira. Sai ya miƙe, ya shiga kantin maƙwabcinmu, ya dawo da kwalin reza. Ya ce, "Kowane kai da tashi. Litinin kuma kowa asibiti, ni ne gaba. Wanda ya ƙi, kada ya sake durƙusa mini nan."

Mun je. An sami cutar a jinin wasu daga cikinmu, har da ni. Likita ya ce ba mai iya sanin ta inda kowa ya samo ta, ko aska, ko tun haihuwa, kuma ba duk mai ita ke kwanciya ba in ana bibiya. An yi wa sauran rigakafi. Akwai maƙwabtan da suka rage shigowa gidanmu, Gwaggo ba ta yi ƙarya ba a nan. Ita kanta ba ta yi mini magana ba har mako biyu, sannan wata safiya ta aiko in zo in raka ta awo, ta ce kada in kuskura in yi mata surutu a hanya.

Amma a wannan Juma'ar, kafin duk wannan, ni Baba Ƙarami ya fara kira. Na durƙusa gaban kujerar. Ya ɓare sabuwar reza, ya jiƙa mini kai, ya ɗora hannunsa na hagu a tsakiya. Ya buɗe baki zai yi tambayar, ya kai "To, mi ke..." sai muryarsa ta karye. Ya aske ni, hawayensa na sauka a ƙeyata.

Allah ya yi maka rahama, Baba, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya kawunan mutanen da ba su da kowa a garin nan. Ka tambaye ni abin da ke cikin kan nan, na ce ba komai. Ga shi na rubuta maka duka.